Dangi na Kusa Kawai

Maƙwabciyata tana ba da labarin nan ba daidai ba, kullum da ƙarin gishiri, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa kafin ta gama ɓata min suna a bene.

Shekara goma sha tara na yi a gidan wanki da guga, kuma duk tsawon shekarun nan ni ce mai juya ɗan allon da ke rataye a ƙofar gilashi. Da safe in juya shi ya ce an buɗe, ƙarfe shida na yamma in juya shi ya ce an rufe. Saboda haka kada wani ya zo ya ce min ban san Turanci ba. Kalmomin da na sani sun kai arba'in, kuma a cikinsu babu wadda na riƙe gam kamar CLOSE. Kuloz, wato rufe. A allonmu akwai wani harafi ɗaya da aka ƙara mata a wutsiya, amma ni a ganina wannan ado ne kawai.

A hawa na uku na benenmu, ni ake kawo wa takardar magani da wasiƙar masu ruwan famfo in duba. Sai in sa tabarau, in yi gyaran murya, in lalubo kalmar da na sani, sauran kuma in cike da hankali. Yawanci ina dacewa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda da karatuna ba, ita ce Mai Tattabaru, wadda ƙofarta ke gefen tawa. Kowa Mai Guga yake ce min, ita kuwa ta laƙaba min Malamar Turanci, kuma ba don girmamawa ba.

Shekara ashirin da shida muna zaune, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma na jeka-na-yi-ka, in ta yi atishawa daga kan gadona nake ce mata sannu. Faɗa kuwa mun yi shi har ya gaji da mu. Tana kiwon tattabaru a barandarta, ni ina shanya a tawa, sai ku ƙiyasta sauran. Sau nawa na wanke farin zanen gado tas, na shanya, ina juya baya wata 'yar banzar tattabara ta zo ta sa hannu a kai. In na yi magana sai ta ce ai tsuntsu bai san zanen Malama ba ne, in rubuta masa sanarwa da Turanci. Mazanmu sun rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, muka rage mu biyu da tsuntsaye goma sha ɗaya.

Ranar wata Litinin da hantsi ina gugar labule sai na ji tim ta bango, daga nan shiru. Shirun ne ya tsorata ni, don wannan matar ko cokali ne ya faɗi sai ta zagi cokalin. Makullinta yana wurina, nawa yana wurinta, ba wai don amana ba, ajiya ce kawai. Na same ta a ƙasan banɗaki, ta zame a ruwan sabulu, ƙafa ɗaya ta karkace yadda ƙafa ba ta karkacewa. Wayarta kuwa tana can ƙasan bokiti tana shan ruwa.

Motar asibiti ta zo, na shiga tare da ita da silifas ɗina na cikin gida. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce ƙugu ya karye, za a yi tiyata ranar Alhamis ƙarfe tara na safe. Ɗa ɗaya gare ta, yana aiki a jirgin ruwa, ba zai taka ƙasa ba sai bayan mako biyu. Muna jiran a hau da ita sama sai ta kama min wuyan hannu.

"Mai Guga," ta ce. Da na ji ba ta ce Malama ba na san maganar ba ta wasa ba ce. "Allurar barcin nan nake tsoro. Haka aka yi wa mai gidana. Ya ce in je in sayo masa lemo kafin ya fito, na tafi, suka sa shi barci ba kowa nasa a wurin, bai farka ba. Kada ki bari su sa ni barci ba kowa a kaina."

"Wa zai bari?" na ce. "Shekara ashirin da shida nake jiran ranar da za a rufe bakin nan, ai sai na gani da idona."

Ta yi dariya, dariyar ta taɓa ƙugun, ta zage ni. Amma alkawari na ɗauka, ita ma ta san na ɗauka. Aka tura gadonta cikin lif, aka ce in je gida in dawo gobe lokacin ziyara, ɗakin mata, hawa na huɗu.

Talata na tashi na yi mata romon kaza, na zuba a fulas, na haɗa da rigar barcinta da matsefi da man da take shafa wa gwiwa. Na hau lif har hawa na huɗu. Ga ƙofa mai murfi biyu, gilashinta irin wanda ba a ganin ciki, an manna farar takarda a tsakiya. Na ajiye jaka na sa tabarau. Kalmomi uku ne da jan rubutu, ta farkon kuwa tsohuwar ƙawata ce, CLOSE. Sauran biyun ban san su ba, ban kuma ga abin da zai sa in wahalar da kaina ba. An rufe, magana ta ƙare. Na shinshina na ji warin magani, na ce lallai feshi suke yi.

Za ku ce me ya hana ni turawa in gani. To ku ba ku taɓa aiki a bayan ƙofar gilashi ba. Shekara goma sha tara ina jin takaicin masu ganin allo ƙuru-ƙuru ya ce an rufe, su kama hannun ƙofa suna jijjigawa, su manna hanci a gilashi suna nuna min wando. Na sha rantsewa ba zan taɓa zama irinsu ba. Tambaya kuma, ni da ake tambaya a bene guda, in je in tambayi wa?

Ina cire tabarau sai ga wani dattijo da ledar ayaba, ya miƙa hannu zai tura.

"Malam, ba ka ga takarda ba? An rufe," na ce.

"Matata ce a ciki," ya ce.

"Ni ma tawa mara lafiyar tana ciki. Feshi suke yi, sai gobe."

Ya dubi takardar, ya dubi tabarau ɗina, ya yi min godiya. Muka sauko tare a lif yana ta cewa ilimi daɗi ne da shi. A bakin ƙofar asibiti har ayaba biyu ya ɓalle ya ba ni, na karɓa na ci a mota ba kunya. Romon kuwa ni na shanye shi da rana, raina bai so ba, amma ba a zubar da kaza.

Laraba na sake dafa wani na koma. Takarda tana nan yadda na bar ta. Wannan karon na zauna a benci daura da ƙofar, jaka a cinya, na ce in ga lokacin da za su gama feshin. Ban fi minti goma ba sai ga wata budurwa rungume da filo, ta tura ƙofa ta shige abinta. Can sai wani mai kwat, shi ko kallon takardar bai yi ba. Na ce a raina, ka ji masu hanya, doka sai a kan talaka. Raina ya yi ta ɓaci ina ta tsaki ni kaɗai, har wata mai goge ƙasa ta tambaye ni ko haƙori ke damuna.

Sai kawai ƙofa ta buɗe daga ciki, ga dattijon jiya ya fito, leda a ninke a hannu. Yana ganina ya tsaya.

"Baiwar Allah, jiya kin haɗa ni da matata. Ta ce tun safe take kallon ƙofa har rana ta faɗi. Yau da ƙyar ta karɓi ayabar."

"Ta ina ka shiga?"

"Ta ƙofa mana. Tura ta na yi. Nas ta tambaye ni me nake gare ta, na ce mijinta, ta ce in wuce."

"To ka karya doka," na ce.

Ya girgiza kai ya tafi, bai ba ni ayaba ba. Ni kuma na fara shakkar karatuna. Na ciro waya na ɗauki hoton takardar, sau uku kafin ya fito ba yatsana a ciki, na tura wa Auta. Auta 'yata ce ta ƙarshe, malamar makaranta ce a wani gari, kuma in tana aji ko gobara ake yi ba ta duba waya. Na jira har aka kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara, shiru. Na kwashi fulas na dawo gida.

Da yamma ina barandar Mai Tattabaru ina watsa wa tsuntsayenta hatsi, suna kallona kamar sun san ni ce mai zaginsu, sai waya ta yi ƙara. Ina ɗagawa dariya na fara ji, irin wadda mutum ke yi har ya rasa numfashi.

"Umma, me kika ce an rubuta?"

"An rufe. In kin gama haukar ki faɗa min ranar da za su buɗe."

"Umma, ba rufe ba ne. Kalmar nan biyu ce a riga ɗaya. In aka ce kuloz, da z, shi ne rufe. In aka ce kulos, da s, kusa ke nan."

"A rubuce fa?"

"A rubuce iri ɗaya ne sak."

"To ta yaya mutum zai ji z a jikin takarda? Kunne zan kara?"

"Sai ki dubi maƙwabtanta, kalmomin da ke gefenta. Su za su faɗa miki wace ce ta zo."

Na zauna a kan gwangwanin hatsi. Ni dai ban taɓa jin rashin tsari irin wannan ba. A ce kalmar da za ka kira mutum ya matso jikinka ita ce za ka rufe masa ƙofa da ita a fuska. Na ce wa Auta masu yaren nan ƙarancin kalmomi ne ya same su har suka koma karo-karo? Ita kuwa malanta ta motsa, ba ta tsayawa. Wai aminin da ba ka ɓoye wa komai da kalmar ake kiransa. Wai in an yi tsere an kusa yin kunnen doki ita ce. Wai in mota ta wuce ta gefenka saura ƙiris, ita ce dai. Har lungun da ba ya ɓullewa ma wai haka ake rubuta masa a allo.

"To wannan kam rufe ne," na ce, "tunda an toshe shi."

"Shi ma da s ake faɗa, Umma."

"Ki rabu da ni. Me takardar ta ce gaba ɗaya?"

"Dangi na kusa kawai."

Ta ci gaba da dariya, ni kuwa tawa ba ta zo ba. Kwana biyu ina zaton an rufe wa kowa ƙofa, ashe a buɗe take, ni kaɗai aka rufe wa. Ni ba 'yar'uwarta ba, ba surukarta ba, ko garinmu ba ɗaya ba. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya, don gobe ne Alhamis. Na tuna matar nan kwance tun Litinin, ba waya, ba rigar canzawa, tana cewa a ranta ashe Mai Guga bakinta ne kawai. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Auta ta daina dariyar. "Umma, ki ce musu ke yayarta ce."

"Yayarta? Ta girme ni da shekara huɗu, kowa ya kalle mu ya sani."

"To ƙanwarta."

"Allah ya kiyaye in zama ƙanwar wannan."

Amma da na kashe wayar sai ga ni tsaye gaban madubinta ina gwadawa. Yayata ce. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko madubin bai yarda ba, ita doguwa siririya, ni kuwa Allah ya yi ni a dunƙule.

Alhamis tun shida da rabi na fito, amma motar haya ta ga dama ta lalace a kan gada, muka sauka muka jira wata. Takwas da minti ashirin na iso hawa na huɗu ina haki. Na tsaya gaban takardar, na harare ta, na sa kafaɗa na tura ƙofar. Ko nauyi ba ta da shi, saura kaɗan in kifa.

A ciki akwai tebur mai tsawo, bayansa wata nas ƙaƙƙarfa da biro uku a aljihun gaba, tana rubutu ba ta ɗago ba.

"Mama, ba lokacin ziyara ba ne. Wa kike nema?"

"Yayata. Wadda ta karya ƙugu, yau za a yi mata aiki."

"Masu karyayyen ƙugu huɗu gare mu. Sunanta?"

Na buɗe baki, sai na ji ba komai a ciki. Wallahi sai a lokacin na gane. Shekara ashirin da shida, Mai Tattabaru, Mai Tattabaru, ko kuma ke. Na taɓa ganin sunan a bayan ambulan ɗin wasiƙa, na san dai dogo ne, amma ko za a yanka ni ba zan iya kawo shi ba.

Nas ta ɗago. "Yayarki ce, ba ki san sunanta ba?"

"Tashin hankali ne ya ɗauke min shi."

"To sunan mahaifinku?"

Na faɗi sunan babana, Allah ya jiƙansa, da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta bi takardunta da biro daga sama har ƙasa ta ce babu mai wannan sunan. Agogon da ke bayanta ya ce tara saura minti ashirin da biyar. Ta nuna min ƙofa da biron, cikin ladabi dai, ta ce in jira a waje dangi su zo.

Nan fa abin ya taso min. Na dire jaka a kan teburinta har fulas ya yi ƙara.

"To ƙarya na yi. Ba yayata ba ce, ba mu haɗa komai ba sai bango. Amma takardarku cewa ta yi na kusa, ko ba haka ba? 'Yata malamar makaranta ce, ta karanta min, da s ne. To ki nuna min wanda ya fi ni kusa. Ɗanta yana tsakiyar teku. Ni tsakanin filona da nata bai kai taƙi uku ba, in kina so mu je ki auna. Na san atishawarta uku-uku ce. Na san maganin hawan jini rabin ƙwaya take sha ta ce wa likita guda take sha. Na san jan kafso yana sa ta ƙaiƙayi har ta kwana tana susa. Haƙoranta na sama huɗu na roba ne, a kofin shuɗi take jiƙa su, ko ɗanta bai sani ba."

"Haƙoran roba?" Nas ta zaro biro na biyu. "Jiya sau biyu na tambaye ta, ta ce duk nata ne."

"Nata ne mana, ita ta saya."

Ta yi rubutu da sauri, sai kuma ta tsaya, ta ƙura min ido, ta dubi hannuna inda tabon dutsen guga yake.

"Tsaya, Mama. Ke ce Mai Guga?"

"Ni ce. Wa ya faɗa miki?"

Ta jawo wani fayil ta buɗe ta juyo min da shi. Na sa tabarau. Ga layuka an cike, can ƙasa kuma ga la'ananniyar kalmar nan ta sake biyo ni, CLOSE, da maƙwabtanta a gefe. Nas ta ɗora yatsa a wurin ta ce nan ne ake rubuta ɗan'uwa na kusa da za a nema in wani abu ya taso. Ta karanta min abin da aka rubuta: Mai Guga, ƙofar da ke gefen tawa.

"Ni na cike shi ranar Litinin," ta ce. "Na ce ta ba ni sunanki na gaskiya, ta ce ba ta taɓa tambaya ba. Na ce lambar waya, ta ce me za ta yi da lamba, bango take bugawa. Na ce to me kike gare ta, ta ce in rubuta abin da na ga dama, ke ce dai. Kwana biyu muna neman yadda za mu same ki. Duk wanda ya turo ƙofar nan sai ta ɗaga kai."

Ni da nake kan benci a bayan wannan ƙofar, taku goma tsakaninmu, da romo a cinya. Hawaye suka zo min, na ji haushinsu, na goge da gefen mayafi na ce warin maganin asibiti ne.

Ba mu kai ga shiga ɗakin ba sai ga gadon an turo, ma'aikata biyu suna riƙe da shi. An sa mata koriyar hula da rigar asibiti, ta ƙanƙance a cikin zanen kamar ba ita ce ke cika bene da murya ba. Tana ganina ta juya fuska bango.

"Wace ce wannan? Ban san ta ba."

"Ni ma yanzu na gama shaida cewa ban san ki ba," na ce, na kama ƙarfen gadon ina bin su. "Kullum ina zuwa. Takarda ce ta tsare ni."

"Wace takarda?"

Na so in bar maganar a nan, amma nas ɗin nan ba ta da rufin asiri. Muna tafiya a barandar tana zayyana mata komai, har da z da s. Ashe dattijon ayaba ma ya kai ƙarata wurinsu, duk ɗakin an san labarin wata mata mai tabarau da ke korar masu ziyara, ba su dai san ni ce ba sai da nas ta ga tabarau ɗina. Mai Tattabaru ta juyo a hankali. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Wayyo ƙuguna. Kada ku ba ni dariya. Malamar Turanci, kwana biyu a bakin ƙofa buɗaɗɗiya? Allah na gode maka da ka nuna min wannan rana kafin a yanka ni."

"Yi dariyarki, saura minti goma."

"Tsuntsayena fa?"

"Goma sha ɗaya, sun ƙoshi har sun yi min godiya a kafaɗa."

A bakin lif nas ta miƙo wani ɗan kwano ta ce a ba ta haƙoran. Mai Tattabaru ta dube ta, ta dube ni, ta gane inda maganar ta fito. "Munafuka," ta ce min, sannan ta ciro su ta jefa a kwanon. Ta sake faɗa ba haƙora, kalmar ta fito wata iri, har masu tura gadon suka sunkuyar da kai suna dariya.

Kafin ɗakin tiyata akwai wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, nan ake yin allurar. Ba a barin kowa ya shiga, amma nas ta yi magana da wani a bakin ƙofa, ta nuna fayil, ta nuna ni. Aka sa min hula irin ta mara lafiya, aka ɗaura wa takalmana leda. Muna shiga dariyar ta ƙare mata. Ta kalli fitilun sama, ta kalli tiren allurai, ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe. Hannunta sanyi ƙalau, faratanta har cikin fatata. Ni ma tsoron nake ji, ba zan ɓoye ba, amma na tsaya ƙyam na ce mata hular ta yi mata kyau fiye da duk ɗankwalayenta.

Likitan barcin wani siririn mutum ne da ba ya jin yarenmu, ya rufe hanci da baki da takunkumi. Ya duba takarda, ya haɗa sirinji da robar da ke bayan hannunta, ya sunkuyo ya yi magana a hankali, 'yan kalmomi kaɗan. A cikinsu na ji ta sarai, tsohuwar ƙawar tawa.

"Me ya ce?" Mai Tattabaru ta tambaye ni, muryarta can ƙasa. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta nemi in fassara mata wani abu.

Da a makon jiya ne da tuni na ba ta amsa har da ƙari. Na tsaya na yi tunani. Takunkumin ya cinye wutsiyar kalmar, maƙwabtanta kuma ban san su ba.

"Gaskiya ban tabbata ba," na ce. "Ko dai ya ce ki rufe ido, ko kuma ya ce in matso kusa."

Ta ƙara matse wuyan hannuna.

"To mu yi duka biyun."

Na matso har goshina ya taɓa hularta, ita kuma ta rufe ido. Ina jin numfashinta a kumatuna, da sauri da sauri, sannan ya fara lafawa. Faratan suka saki fatata ɗaya bayan ɗaya. Ban ɗago ba, ban zare hannuna ba, sai da nas ta dafa kafaɗata.

"Ta yi barci, Mama," ta ce. "Kina nan ta yi shi."